Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗaliban likitanci da sababbin likitocin Arewa: wa zai zauna a Imajansi?

Assalamu alaikum.

Ƙannena, na san wannan wasiƙa za ta tarar da wasunku a kan kol, wato aikin kwana a asibiti, ido ya yi jawur, wasu kuma suna fama da haddar magunguna saboda jarrabawar da ta ƙarato. Ba zan ce ku ajiye abin da kuke yi ba. Ku karanta ta tsakanin majinyaci da majinyaci, don ni ma haka na rubuta ta.

Kwanakin baya wasu 'yan ajin ƙarshe su tara suka zo zagaye sashenmu na taimakon gaggawa, wanda kowa a gari ya fi sani da Imajansi. Da muka gama na tambaye su fannin da kowa yake son ƙwarewa a kai. Uku suka ce mata da haihuwa, biyu tiyata, biyu yara, ɗaya ciwon zuciya. Na ƙarshen ya ce ido, wai saboda ba a cika tashin likitan ido da tsakar dare ba, kuma na ji daɗin gaskiyar da ya faɗa. Sai na ce to wa zai zauna a nan? Suka dubi juna suka yi dariya. Wata daga cikinsu ta ce, "Haba Cif, ai nan wucewa ake yi."

Ba ta yi ƙarya ba. A yawancin asibitocinmu wanda ake turawa Imajansi shi ne wanda ya gama bautar ƙasa jiya, ko wanda yake jiran gurbin horon ƙwarewa a wani sashe, ko wanda ya saɓa da wani babba aka ce a kai shi can ya ɗanɗana. Da zarar hannunsa ya faɗa, bayan shekara biyu ko uku, sai gurbinsa ya fito ya tattara ya tafi, a kawo wani sabo fil. Ɗakin da ake kawo wanda ya fi kowa kusa da mutuwa, shi muka damƙa wa wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa. Ni kaina ta wannan hanya na shigo. Gurbin tiyata nake jira, kuma yau shekara goma sha uku ke nan ban fita ba. Da farko ƙaddara ce, daga baya ta zama zaɓi, kuma daren da ta fara zama zaɓi shi nake so in ba ku labari.

Daren ƙaramar Salla ne, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Babura biyu sun yi taho-mu-gama. Aka fara shigowa da wani saurayi goshinsa a fashe, jini ya wanke masa fuska da sabuwar shaddarsa, yana ihu yana kiran sunan mahaifiyarsa, mutum kusan goma na biye da shi kowa na cewa likita a taimaka. A bayansu wani mai adaidaita sahu ya shigo riƙe da wani yaro da bai fi shekara goma sha bakwai ba, ya zaunar da shi a kan benci ya jingina shi da bango. Babu ɗigon jini a jikinsa. Abin da kawai yake cewa, a hankali, "Ruwa. A ba ni ruwa." Na nufi mai ihun da sauri, sai wata tsohuwar nas da ta girme ni a aikin da shekara ashirin ta riƙo hannun rigata ta ce, "Likita, mai ihu yana da numfashi. Taɓa wancan." Na taɓa tafin hannunsa, sanyi ƙalau, ga gumi. Bugun jininsa a wuyan hannu siriri kamar zare, yana gudu. Na ɗaga fatar idonsa, fari fat. Na danna cikinsa ta hagu ya zabura. Saifarsa ce ta fashe, jininsa na tsiyaya a ciki inda ba mai gani. Muka kwantar da shi, muka kafa masa manyan kanula biyu, wato allurar roba da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa ko jini, aka ruga neman jini, na kira likitan tiyata ina yi masa magiya a waya. Duk wannan lokaci 'yan'uwan mai fasasshen goshi suna zagina, har wani ya ce don shi ba ɗan kowa ba ne shi ya sa aka bar shi. Yaron ya shiga tiyata kafin ƙarfe ɗaya, ya kuma rayu. Mai goshin ɗinki bakwai aka yi masa ya tafi gida a daren, kuma na tabbata har yau danginsa suna ba da labarin mugun likitan da ya wulaƙanta su.

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, wato tantance wa za a fara gani. A nan ba a bin layi, ba a bin ƙarfin murya, ba a bin girman rawani. Ma'aunin da aka tsara a Afirka ta Kudu, wanda asibitoci da dama a nahiyar nan suka ɗauka, launi yake bai wa kowane majinyaci tun daga bakin ƙofa: ja a gan shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore cikin awa 4, shuɗi kuwa wanda rai ya riga ya yi halinsa. Asalin dabarar daga fagen yaƙi ta fito. Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon na Faransa, shi ya dage a fara da wanda rauninsa ya fi muni ko da kurtu ne, hafsa ya jira. Shekara ɗari biyu ke nan, amma har gobe akwai mai shigo maka da katin wani babba yana so ka saki mai jijjiga ka auna masa hawan jini.

Abin da ya bambanta mu da sauran fannoni shi ne majinyacinmu ba ya zuwa da sunan cutarsa. Likitan ƙoda an riga an tace masa, wanda ke gabansa mai ciwon ƙoda ne. Kai kuwa za a sauke maka mutum daga bayan a-kori-kura a ce, "Faɗuwa ya yi." Shi ke nan tarihin. Don haka ba ka fara da tambayar me ke damunsa, kana fara da me zai kashe shi cikin minti biyar. Hanyar iskarsa a buɗe take? Yana numfashi? Jini na zagayawa? Yana cikin hayyacinsa? Sannan a buɗe jiki a duba gaba da baya, don sau da yawa wuƙar a gadon baya ta shiga. Wannan jeri kun haddace shi don jarrabawa, na sani. A nan sai ya koma cikin yatsunku, domin ƙwaƙwalwar da ta rasa iskar oksijin minti huɗu zuwa shida ta fara lalacewa, ba ta jiran ka tuna shafin littafi.

Kuma fa akwai daɗi, kada ku ji ana ta kuka ku ɗauka babu. An taɓa kawo mana wata dattijuwa a sanƙame, 'ya'yanta sun riga sun fara laƙƙana mata kalmar shahada, babbar 'yar tana ta buga waya ƙauye. Na tambaya ko tana shan wani magani, aka ciro wata baƙar leda, sai ga ƙwayoyin ciwon suga. Ashe kwana biyu ba ta iya cin abinci ba, amma ba ta fasa shan maganin ba. Muka ɗiga jinin yatsarta a na'ura, sugan ya faɗi warwas. Muka tura mata ruwan suga ta jijiya. Kafin sirinjin ya ƙare ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce wane mara kunyar ne ya cire mata ɗankwali. Ɗakin ya kaure da kabbara da dariya. Babu wani fanni da zai ba ka irin wannan a cikin minti uku.

Da yawan abin da ke ceton rai a wurinmu ba shi da tsada, sanin lokacinsa ne tsadar. Manomin da kububuwa ta sara a gona, ɗan jininsa za ka zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta ka ajiye minti 20. In ka karkata ta ka ga bai daskare ba, dafin ya shiga jini, a ba shi maganin dafi. Ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe sun fi kowa sanin wannan. Yarinyar da ta sha fiya-fiya, yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke, allurar atirofin za ka yi ta ba ta har ƙirjinta ya bushe, kuma sabon likita yakan tsorata da yawan da ake buƙata ya tsaya a rabin hanya. Mai ciki da ke jijjiga, allurar maganiziyam salfet. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, allurar atesunet, kuma kar ka manta da auna sugansa. Wanda ya yi haɗari yana zubar da jini, akwai allurar tsayar da jini ta taranezamik, amma amfaninta a cikin awa 3 na farko yake. Duk kun karanta waɗannan. Abin da babu shi ne mutumin da ya yi su sau ɗari, yana tsaye a wurin da ƙarfe uku na dare, yana nuna wa na ƙasa da shi.

Ba zan ɓoye muku ɗacin ba, don sa kai ya fi bauta ciwo. Akwai wani magidanci da na rasa a wani asibiti da na taɓa aiki. Tirela ce ta banke shi, yana buƙatar jini leda biyu, aka ce sai an biya kuɗin gwaji da na leda. Ƙaninsa ya hau babur ya tafi unguwa neman rance. Ya dawo bayan awa biyu da kuɗin a dunƙule a hannu, ya tarar mun rufe yayansa da zane. Bai yi ihu ba. Ya miƙo mini kuɗin ya ce, "To yanzu wa zan ba?" Na fi shekara ina jin wannan tambaya in na kwanta.

Abin takaicin, doka tana gefenmu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ita ce kuma ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa, wanda a kansa aka gina shirin NEMSAS, na jinyar gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya, da aka fara gwadawa a Abuja a 2022, don ɗaukar nauyin awa 48 na farko. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta ce a karɓe su a yi musu magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, asibiti ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara jinya. Ku da za ku yi aiki a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari, ku haddace wannan kamar yadda kuka haddace Fatiha. Amma doka ba ta da ƙafa. Sai an samu babban likita wanda sashen nasa ne, wanda zai zauna a taron shugabannin asibiti ya buga tebur ya ce a ajiye akwatin magungunan gaggawa da ba a tambayar rasit kafin a buɗe shi. Ɗan wucewa ba ya wannan faɗan, kwanakinsa yake ƙirgawa.

Sauran ɗacin kun san shi. Za a zage ka, wani lokaci a ci kwalarka. Kai ne farkon wanda mai zazzaɓin Lassa ko mashaƙo ko kwalara zai yi wa tari ko amai a jiki kafin kowa ya san abin da yake ɗauke da shi. Za ka yi ɗinki da fitilar waya a baki. Wanda ka ceto zai farfaɗo a wani ɗaki ya gode wa wani likita, bai ma san fuskarka ba. Kuma kai ne za ka riƙa fita wurin mutanen da ba ka taɓa gani ba ka gaya musu wanda suka karya kumallo da shi ya rasu. Wannan ma ilimi ne da ba a koya mana a aji ba. Ka nemi babban cikinsu, ka ja shi gefe, ka zaunar da shi. Kada ka tsaya a "sai haƙuri" kawai, don na ga wanda aka ce wa haka ya tafi sayo magani. Ka faɗi kalmar, ka ce Allah ya yi masa rasuwa, sannan ka yi shiru ka ba shi lokaci.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa wannan fanni ne mai zaman kansa. A Ingila, Maurice Ellis, wanda ya yi aikin likita a Najeriya zamanin mulkin mallaka, shi aka damƙa wa sashen haɗurra na babban asibitin Leeds a 1952, kuma shi ya fara shugabantar ƙungiyar likitocin wannan sashe da aka kafa a 1967. A Amurka jami'ar Cincinnati ta fara horon ƙwarewa a 1970, aka amince da fannin a hukumance a 1979. Kada ku ce ai waɗannan masu kuɗi ne. Afirka ta Kudu ta fara horarwa a 2004. Gana ta fara a 2009 a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, garin da kakanninmu suka sani ta fataucin goro, da haɗin gwiwar jami'ar Michigan. Tanzaniya ta bi baya a 2010 a asibitin Muhimbili na Darussalam. Mu da muka fi su yawan jama'a da yawan tireloli a kan hanya, sai a 'yan shekarun nan Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas ta buɗe wa fannin tsangayarsa. Mun makara, amma ƙofar ta buɗe, kuma ita ce ban samu ba a lokacina.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Ga ƙannenku na sakandare da za ku nuna wa wasiƙar nan: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sai JAMB da maki mai tsoka, sai shekara shida a jami'a in yajin aiki bai ƙara muku ba. Daga nan hukumar MDCN mai rajistar likitoci ta ba ka lasisin wucin gadi, ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki kana zagaya sassa huɗu, wata uku-uku, ka karɓi cikakken lasisi, ka yi bautar ƙasa. Sannan ka zauna jarrabawar share fage ta kwalejin, wadda muke kira firamare, ka nemi gurbi. Horon hawa biyu ne, ƙarami da babba, kowanne da jarrabawarsa, na biyun har da kundin bincike, kafin a kira ka kwansaltan, wato ƙwararren likita. A nan ku buɗe ido: kafin ka karɓi gurbi a kowane asibiti, ka tabbatar daga kwalejin kanta cewa an amince masa ya horar a wannan fanni. Kada wani ya ce maka "ana kan hanya" ka zuba shekara uku a banza. In ta kama ka bar jiharka, ko ka tafi kudu, ko Kumasi, ka tafi. Ilimin ba ya ƙin hawa mota ya dawo.

Kafin nan akwai abin da ba sai ka jira kowa ba. Ka yi kwas ɗin farfaɗo da zuciya har hannunka ya san danna ƙirji 30 da hura iska 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti. Ka nemi kwas ɗin taimakon gaggawa na matakin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tare da ƙungiyar Red Cross ta duniya, don an yi shi ne musamman saboda wurare irin namu da babu kayan aiki. Ka koyi karanta hoton bugun zuciya, ka koyi ɗora na'urar sikanin a ciki ka gane jini. Sama da duka, ka sauke girman kai ka bi nas-nas ɗin da suka tsufa a sashen. Kanular jaririn da ruwa ya ƙare a jikinsa ba farfesa ne ya koya mini ba.

Na san abin da ke ranku, kuɗi. Gaskiya ne likitan Imajansi ba shi da majinyatan da za su bi shi asibitinsa na kansa da yamma, kamar likitan mata. Gaskiya ne kuma wanda ya ƙware a nan Saudiyya da Ingila da hannu biyu za su karɓe shi, kuma abokaina da dama sun tafi. Ba na zagin kowa, kowa ya san nauyin gidansu. Abin da zan ce kawai, a can za ka zama ɗaya daga cikin dubbai, a nan kuwa wataƙila kai ne za ka zama na farko a jiharku, wanda zai tsara yadda sashen zai kasance shekara talatin masu zuwa. Ƙannena mata kuma, kada a ce muku wannan aikin maza ne. Aikin karɓa-karɓa ne, in tsari ya zauna kina miƙa majinyatanki ki tafi gida ba mai kiran ki. Kuma akwai matar da za a kawo tana zubar da jini, ta ƙi faɗa wa namiji abin da ya faru ko da za ta mutu, ke kuwa ta raɗa miki a kunne.

Ku tuna Majiya. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a wannan gari na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, sama da mutum 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna birjik zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da na Kano. Bayan wata uku irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko a jihar Neja. A irin wannan dare, likitan da ke bakin ƙofa shi zai yanke wa za a fara sa wa ruwa, nawa za a sa, wa za a tura gaba, wa za a rage wa raɗaɗi kawai a bar shi da danginsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba a horar da mutum ya yi wannan hukunci ba, zai yi shi duk da haka, cikin firgici, kuma shi zai kwana da abin har tsufansa.

Ban ce dukkanku ku zo ba. A cikin tara ɗin nan da suka yi mini dariya, ɗaya nake nema. In kana jin ko kai ne, ko ke ce, kada ka yanke hukunci daga wannan takarda, gani ya kori ji. Ka je wurin shugaban Imajansin asibitinku ka roƙi a sa ka kwanan dare uku a jere, kuma ka zaɓi ƙarshen mako ko daren Salla. Ka zo da takalmi rufaffe wanda ba ka jin asararsa, da biro biyu don ɗaya zai ɓace, da fitila, da safar hannu taka ta kanka a aljihu. Ka ci abinci kafin ka shigo. In ka iso, ka fara gaida nas ɗin da ke bakin ƙofa, ka tambaye ta wa ya fi ba ta tsoro a cikin waɗanda ke kwance.

Wassalam.

Yayanku a aiki,
wani likitan Imajansi